RA'AYI: Yanar Idon Mota Da Makantar Da Direbobi Ke Yi Wa Juna A Titi

A cikin dukkan abubuwan da ke lalacewa a jikin mota, babu mai lalacewa a ɓoye kamar fitila. Birki idan ya cinye yakan yi ƙara, taya idan ta suɗe ido na ganinta, inji idan ya fara ciwo hayaƙi ne ke tona masa asiri. Fitila kuwa a hankali take dusashewa, yau kaɗan gobe kaɗan, har idon direba ya saba da duhun, ya ɗauka haka dare yake. Ƙwan yana kamawa, makunni yana aiki, saboda haka babu mai cewa fitilar ta lalace. Amma murfin da ke gabanta, wanda kowa ke kira gilashi, ya riga ya yi rawaya, ya yi dishi-dishi kamar idon da yana ta rufe. Hasken na tashi daga ƙwan, amma kaɗan ne ke isa titi.

Duk wanda ya ƙare wa motocin da ke bin titin Kubwa, ko na Nyanya zuwa Mararaba, ko na filin jirgin sama kallo da yamma zai ga yawan masu wannan yanar: Corolla da Camry da Accord da Golf da Sharon da bas-bas na haya, har da motoci masu lambar gwamnati. Masu su na ɗaukar abin a matsayin tsufa kawai, irin na kujerar da ta yage ko fentin da ya koɗe, abin da za a gyara ranar da za a sayar da motar. Wannan fahimta kuskure ce, kuma kuskure ne da ake biya da rai. Fitilar da ta yi yana matsala ce ta lafiyar mota, daidai da birkin da ba ya kamawa sosai. Gyaranta ba shi da wuya, amma maganin da direbobi da yawa suka zaɓa, wato ƙara ƙarfin ƙwai, ya fi cutar muni. Takardar shaidar lafiyar mota kuma, wadda ya kamata ta tare abin tun daga tushe, ba ta tare shi ba.

Tsofaffin direbobi na da gaskiya idan suka ce a da ba a san wannan ciwo ba. Peugeot 504 da kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya riƙa haɗawa, da sauran motocin wancan zamani, gilashi na gaske ne a fitilunsu. Dutse na iya fasa shi, amma rana ba ta canza masa launi ko da ya shekara 30. Daga baya masu ƙera motoci suka koma ga wata roba mai tauri da ake kira folikabonet, wadda masana sinadarai suka gano a Jamus da Amurka a 1953. A 1983 Amurka ta sassauta dokar da ta tilasta wa kowace mota fitilar gilashi mai siffa iri ɗaya, kuma kafin ƙarshen shekarun 1990 roba ta mamaye kasuwa. Dalilan a fili suke: ba ta da nauyi, tsakuwa ba ta tarwatsa ta, kuma ana iya lanƙwasa ta zuwa duk siffar da mai zanen mota ke so.

Sai dai kowane gwani da nasa rauni. Babban maƙiyin wannan roba shi ne hasken rana, musamman ɓangarensa mai ƙuna da ido ba ya gani, wanda masana ke kira UV. Saboda haka ne masana'anta ke shafa wa murfin wani siririn fentin kariya marar launi kafin motar ta fito. Muddin wannan kariya na nan, fitila na nan garau. Da zarar ta cinye, rana da iska sai su fara cin fuskar robar, ta yi rawaya, ta yi ƙananan tsaga da ido ba ya rarrabewa, ta koma kamar tagar da aka shafa wa ƙasa. Najeriya na tsakanin digiri 4 da 14 ne arewa da tsakiyar duniya, inda rana ke dukan ƙasa kusan a tsaye duk shekara, kuma mafi yawan motoci a fili suke wuni. Ga ƙurar hunturu da ke karzar murfin, ga busasshen tsumman da ake share shi da shi kowace safiya, ga garin sabulun wanki mai kaifi da ake wanke mota da shi. Uwa uba, mafi yawan motocin da ke kan titunan ƙasar nan sun riga sun ci shekaru a Amurka ko Kanada ko Turai kafin su sauka a Legas ko Kwatano. Da rabin kariyarsu suke isowa, rana ta nan ta ƙarasa sauran.

Girman asarar ya wuce yadda ake zato. A watan Disambar 2018 Ƙungiyar Masu Motoci ta Amurka, AAA, ta fitar da sakamakon gwajin da aka yi a ɗakin bincike a kan fitilun da suka dusashe. An samu cewa hasken da suke fitarwa a kan dim kashi 22 ne kacal cikin 100 na hasken sabuwar fitila. Wato kusan kashi huɗu cikin biyar na hasken ya salwanta, alhali ƙwan na ci, batir na ba da wuta, direba kuma na ganin ya kunna fitila. Ƙungiyar ta ƙara da cewa alamun lalacewar na iya bayyana tun motar na da shekara uku zuwa biyar. Wannan a ƙasar da ke da watannin sanyi da garejin ajiye mota ke nan.

Ana iya mayar da wannan adadi zuwa mitoci, domin mita ce ke raba mai rai da gawa a titi. Ƙa'idar haske ita ce, idan tazara ta ninka sau biyu, hasken da ke sauka a kan abu yakan ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Ma'ana, fitilar da ta rage da rubu'in ƙarfinta za ta nuna abu ne a rabin tazarar da take nuna shi a da. A ce sabuwar fitila na nuna mutum a tsaye daga mita 80. Wadda ta rage da kashi 22 ba za ta nuna shi ba sai an zo ƙasa da mita 40.

Motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a, wanda shi ne iyakar da doka ta yarje wa ƙananan motoci a manyan tagwayen hanyoyi, tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta tantance, ƙafa ta tashi daga totur ta sauka a kan birki, daƙiƙa ɗaya da rabi ta wuce, motar ta ci mita 42. Birkin kansa, a busasshiyar kwalta da tayoyi masu kyau, na buƙatar wasu mita 55 ko sama da haka. Jimilla kusan mita 100. Ko sabuwar fitila a kan dim ba ta cika wannan tazara ba, balle mai yana. Direban da fitilarsa ke nuna masa mita 40 zai daki abin da ke gabansa kafin ma ƙafarsa ta taɓa birki. Idan yana son ya iya tsayawa a cikin abin da yake gani, gudunsa bai kamata ya wuce kilomita 50 ba. Babu direban Abuja zuwa Lokoja da ke tafiya a haka.

Abin da ke jiran mota a titin Najeriya da dare kuwa sananne ne. Tirela ce da ta lalace a tsakiyar hanya babu fitilar baya, babu alamar gargaɗi sai ganyen da yaron mota ya karyo ya jera. Ɗan acaba ne da ba shi da wuta ko ɗaya, garken shanu ne da ke tsallakawa, rami ne da ruwan sama ya cika, shingen kankare ne da 'yan kwangila suka ajiye inda aka karkatar da hanya. Mai tafiya a ƙasa ne sanye da tufafi masu duhu, ya ƙi hawa gada don ta yi masa nisa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke da hasken kansa. Dukkansu fitilar mota ce kaɗai ke nuna su. Kuma tuƙin dare ba na masu doguwar tafiya kaɗai ba ne. A Abuja rana na faɗuwa tsakanin ƙarfe shida da bakwai duk shekara, ma'aikatan da ke kwana a Suleja da Gwagwalada da Masaka kuwa da asuba suke fita, bayan magariba suke komawa.

Alƙaluman Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, sun nuna cewa fiye da mutum 5,000 ne suka rasu a haɗurran mota a 2023, haka kuma a 2024. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a titunan duniya kowace shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce a kan gaba. A rahotannin FRSC gudun wuce sa'a ne ke zuwa farko a jerin musabbabai, kuma hukumar ta daɗe tana gargaɗi a kan tafiyar dare. Duka biyun gaskiya ne. Amma da dare, wuce sa'a ba a allon gudu kaɗai ake auna shi ba; ana auna shi da nisan abin da direba ke iya gani. Wanda ke tafiya a kilomita 80 da makauniyar fitila ya wuce sa'a ko da bai karya doka ba. Idan haɗarin ya auku, fitilar ce ke fara tarwatsewa, shaidar ta bi iska, a rubuta cewa mota ta ƙwace wa direba.

Direbobi ba su jahilci cewa ba sa gani ba. Inda gizo ke saƙar shi ne maganin da suke nema. Mai mota zai je wurin mai gyaran wayar mota ya ce fitila ba ta da haske, shi kuma ya cire ƙwan halojin mai ƙarfin wat 55 da masana'anta ta sa, ya ɗaura mai wat 100. Zafin ƙwan sai ya ƙona madubin da ke cikin fitilar, ya narka soket, wani lokaci ya cinye wayoyi. Wani kuma sai ya sayo farin ƙwan LED ya cusa a fitilar da aka ƙera don halojin. Madubin cikin fitila an lanƙwasa shi ne daidai da wurin da zaren ƙwan halojin ke zama. Idan aka sa ƙwan da haskensa ke fitowa daga wani wuri daban, hasken ba ya taruwa a titi, warwatsuwa yake yi. Wanda abin bai ishe shi ba sai ya ƙara dogon sandan fitilu a kan bamba ko a rufin mota, irin wanda aka yi don daji da gona.

Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa. Murfin da ya yi yana ba tare haske kaɗai yake yi ba, watsa shi yake yi sama da gefe. Idan aka ninka ƙarfin ƙwan a bayansa, abin da aka ninka shi ne hasken da ke shiga idon mai tahowa. Mai motar na ganin gabansa ya yi fari tas, ya ji daɗi, alhali hasken da ya cika mita goman farko yana ƙanƙance ƙwayar idonsa ne, ya ƙara rage masa hangen nesa. Mai tahowa kuma, da aka kashe masa ido, sai ya danna ful don ramawa, gobe shi ma ya je ya sayo nasa farin ƙwan. Da haka titi ya zama fagen gasar makantar da juna. Daƙiƙa uku na rashin gani a gudun kilomita 80 tafiyar mita 66 ce a makance, kuma a cikin waɗannan mitoci akwai mai tura baro da yarinya mai talla da ɗan makaranta a kan keke.

Waɗanda suka fi cutuwa su ne masu shekaru. Idon ɗan shekara 60 na shigar da kusan sulusin hasken da idon ɗan shekara 20 ke shigarwa, kuma ya fi daɗewa kafin ya farfaɗo idan haske ya doke shi. Mai yanar ido ta gaskiya kuwa, ko da ba ta nuna ba, kowace fitila mai warwatsi takan zame masa farin bango. Dattawa da yawa sun daina tuƙin dare suna cewa idonsu ya mutu, alhali rabin laifin na fitilarsu ne, rabi na fitilar wasu. Mutum na da 'yancin ya ga hanya, amma ba shi da 'yancin sayen ganinsa da makantar ɗan'uwansa. Wanda ya sa farin ƙwai a bayan murfi mai yana bai warware matsalarsa ba, ɗauke ta ya yi ya aza wa wanda bai ji ba bai gani ba.

Gyara na gaskiya kuwa a fuskar murfin yake, domin lalacewar ba ta wuce siririn ɓawo na waje ba. Akan wanke fitilar, a manna salatif a kewayenta don kare fentin mota. Sai a jiƙa samfefa mai laushi a riƙa gogawa ana zuba ruwa, a fara da mai lamba 800 ko 1000, a koma 1500, sannan 2000, a ƙare da 3000, kowane mataki yana share karcen wanda ya gabace shi. Ruwan da ke zuba da farko rawaya ne, wato mataccen ɓawon ke fita. Idan ya koma fari an iso lafiyayyar roba. A wannan matakin murfin kan yi fari kamar an ɓata shi, kuma nan ne masu gaggawa ke tsorata. Man goge roba da tsumma mai laushi, ko injin gogewa a hannun wanda ya iya, su ke dawo da shi garau. Aikin fitilu biyu ba ya cin wuni.

Matakin ƙarshe shi ne ginshiƙin aikin, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Samfefa ta cire lalataccen ɓawo, amma ta tafi da sauran kariyar masana'anta. Robar da aka goge aka bari tsirara za ta yi kyau ranar da aka biya kuɗi, cikin 'yan watanni ta koma rawaya, wani lokaci fiye da da. Dole a rufe ta da sabon fentin kariya marar launi mai jure rana, ko a manna mata siririyar ledar kariya da aka yi don wannan aiki, a bar ta ta bushe inda ƙura ba ta tashi. Mai motar da zai ba da fitilarsa a goge tambaya ɗaya ta ishe shi gane gwani: me za a shafa bayan an gama? Idan amsar ita ce man gogewa kawai, to ado aka sayar masa na ɗan lokaci.

Akwai kuma dabarun da ke yawo a Facebook da TikTok da bakin masu wankin mota. Man goge haƙori na ɗan kankare saman murfin, ya yi haske na ɗan lokaci, amma ba ya ba da kariya. Man inji ko man girki na cike ƙananan tsagar ne kawai, ya tafi da ruwan farko, kafin nan ya tara ƙura. Man birki da fetur da tina da wasu magungunan sauro na shafawa kuwa narka fuskar robar suke yi. Ƙyallin da ake gani alamar narkewa ce, bayansa tsaga ce da ba ta gyaruwa. Araha ba ta ado, balle a ce ta yi tsaro.

Adalci ne kuma a faɗi iyakar gyaran. Gwajin AAA ɗin nan ya nuna cewa gogewa, ko a hannun ƙwararre ko a gida, na dawo da hasken zuwa kusan kashi 70 cikin 100 ne, kuma ba ta kawar da warwatsin hasken gaba ɗaya. Sabuwar fitila ta asali ce ke dawo da shi cif, waɗanda wasu kamfanoni ke kwaikwaya kuma tsakanin kashi 83 da 90. Wanda ke da hali, canji ya fi masa. Amma daga 22 zuwa 70 ninki uku ne. A lissafin da ya gabata, mita 40 ta koma kusan 67. Sannan akwai fitilar da gogewa ba ta yi mata komai: wadda ruwa ke kwana a cikinta, wadda madubinta ya ƙone, wadda tsagarta ta ratsa ciki. Wannan sai canji.

Wurin canjin ma akwai tarko. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilun 1972, kuma an ƙera dim ne ya ɗan ɗaga ta gefen bakin titi don ya nuna masu tafiya a ƙasa da alluna, ya kwanta ta gefen mai tahowa. Fitilar da aka ciro daga motar Ingila ko Japan, inda ake tuƙi a hagu, ta ɗaga ne ta ɗaya gefen, wato kai-tsaye cikin idon mai tahowa. Mai saye a Apo ko Ladipo ko Ƙofar Ruwa ko Panteka ya kamata ya tambayi asalin fitilar kafin ya biya. Bayan an ɗaura kuma sai a daidaita ta: a tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri, mita bakwai zuwa takwas daga bango, a kunna dim, saman hasken ya sauka ƙasa kaɗan da tsayin fitilar. Motar hayar da aka danƙara wa kaya a but, hancinta ya kalli sama, ko fitilarta sabuwa ce sama take haskawa.

Za a ce, kuma da hujja, talakan da ke fama da kuɗin mai tun bayan cire tallafi a Mayun 2023, da tsadar kayan gyara tun bayan da aka saki naira a Yunin shekarar, ba shi da sararin damuwa da murfin fitila. Amma wannan hujjar gyaran take goyon baya. Tsadar sabuwar fitila ce ta sa gogewa ta zama mafita, domin kuɗinta ɗan kaso ne na kuɗin canji. Direban da ya iya sayen farin ƙwai da sandan fitilu ya riga ya kashe kuɗin, a inda bai dace ba ya kashe shi. Za a kuma ce laifin na gwamnati ne da ta bar tituna da ramuka da fitilun kan hanya a mace. Wannan ma gaskiya ne, kuma ya kamata a ci gaba da faɗa. Sai dai munin hanya dalili ne na ƙara kula da fitila. Inda gwamnati ta kasa haska titi, fitilar mota ce kaɗai ta rage tsakanin fasinja da rami.

Nauyin da ke kan hukuma a nan takamaimai ne. Kowace shekara mai mota na biyan kuɗin takardar shaidar lafiyar mota, kuma sanin kowa ne cewa a wurare da dama takardar na fitowa ba tare da wani jami'i ya ga motar ba. A Birtaniya duk motar da ta wuce shekara uku sai an gwada ta kowace shekara, kuma cikin abin da ake aunawa da na'ura har da saitin fitila da siffar haskenta. Tun Janairun 2021 fitilar halojin da aka cusa wa ƙwan LED faɗuwa take yi a gwajin. A gida ma akwai abin koyi: daga Janairun 2022 Jihar Legas ta ce ba ta ƙara ba da takardar sai an kai motar cibiyar gwaji. Na'urar auna fitila ba wani babban inji ba ce, kuma aikinta na 'yan mintuna ne. Babu dalilin da zai sa motar da ba ta ganin mita 40 ta riƙe takardar da ke cewa lafiyarta ƙalau.

Tsoron da jama'a ke yi shi ne kada wannan ya zama sabuwar ƙofar karɓar na goro a bakin titi, kuma tsoro ne mai tushe. Shi ya sa wurin da ya dace a yi hukuncin shi ne cibiyar gwaji, inda na'ura ce ke magana, ba idon jami'i da tsakar rana ba. A watan Oktoban 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke hukuncin cewa jami'an VIO na birnin tarayya ba su da hurumin tare motoci a titi, ko kama su, ko cin tarar masu su. Maimakon kallon wannan a matsayin rage ƙarfi, kamata ya yi a ɗauke shi a matsayin tuni ga asalin aikin: duba mota kafin a ba ta takarda. Wanda motarsa ta faɗi a ba shi wa'adi ya gyara ya dawo ba tare da sabon biya ba. Manufar ita ce fitila ta yi haske, ba asusu ya cika ba.

Sauran hukumomi ma kowa da rabonsa. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, da Hukumar Kwastam su ne a bakin ƙofar da ƙwayayen fitila marasa ƙa'ida ke shigowa. FRSC, wadda aka kafa a 1988 a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Wole Soyinka, na da al'adar shiga tashoshin mota don wayar da kai a watannin ƙarshen shekara. Ƙara batun murfin fitila da saitinta a wannan gangami ba zai ci mata komai ba. KAROTA a Kano da KASTLEA a Kaduna na iya yin haka. Ƙungiyoyin NURTW da RTEAN, waɗanda ke iko da layin lodi, na da ƙarfin da ya fi na kowane jami'i: motar da fitilarta ta makance kada a yi mata lodin yamma. Ma'aikatun gwamnati kuma su fara da motocinsu, musamman na ɗaukar marasa lafiya da na sintiri, waɗanda aikinsu na dare ne kuma da gudu.

Akwai ma abinci a cikin lamarin. Jarin wannan sana'a bai wuce samfefa da salatif da man gogewa da fentin kariya da ɗan inji ba, kuma matashi mai hankali zai iya koyonta cikin 'yan kwanaki. Da ƙungiyar kanikawa ta NATA da Hukumar Bunƙasa Ƙirar Motoci ta Ƙasa, NADDC, za su sa ta cikin horon da ake ba masu koyo, har da daidaita saiti, da kowane wurin wankin mota ya samu wanda ya iya aikin yadda ya kamata, maimakon mai shafa man birki ya karɓi kuɗi. Motocin da ke buƙatar gyaran ba sa ƙirguwa, kuma rana ba za ta daina aikinta ba.

Kafin hukuma ta motsa, gwajin farko na hannun mai mota, kuma kyauta ne. Ya tsaya gaban motarsa da rana ya leƙa cikin fitilar. Idan yana ganin ƙwan da madubin da ke bayansa tangaran, lafiya lau. Idan kuwa sai ya ƙura ido, to yadda ganinsa ya kasa shiga haka hasken ke kasa fitowa. Hunturu na zuwa kowace shekara da hazonsa, tare da tafiye-tafiyen ƙarshen shekara, lokacin da motoci suka fi yawa a hanya kuma gani ya fi ƙaranci. Ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido, kuma a wannan karon idon ba na mai motar kaɗai ba ne. Na iyalinsa ne da ke kujerar baya, da na direban da ke tahowa, da na wanda ke tsallaka titi yana zaton an gan shi.